Yadda Na Tantance Lasisin Wata Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe

Manhajar da nake kula da ita ƙarama ce, mai buɗaɗɗen tushe, wato kowa yana iya ganin rubutun umarnin da aka gina ta da shi, an rubuta ta da harshen Python, kuma aikinta shi ne tace bayanan da ke cikin manyan jadawalai, ta gano layukan da suka maimaitu, ta haɗe su wuri guda. Ba ni na fara ta ba. Wanda ya ƙirƙire ta ya miƙa mini ragamarta ne lokacin da wasu ayyuka suka sha masa kai, ni kuma na ci gaba da karɓar gyare-gyare daga masu ba da gudummawa kamar yadda na tarar ana yi. Maganar lasisi ta taso ne sa'ad da wani mai shirya manhajoji domin Debian, wani tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, ya aiko da wata gajeriyar tambaya. Yana so ya shigar da manhajar cikin rumbunsu, amma ƙa'idarsu ta wajabta a bayyana mai haƙƙin mallakar kowane fayil da sharuɗɗan da aka sake shi a kansu, shi kuwa ya duba ma'ajiyarmu, wato wurin da muke ajiye fayilolin manhajar a intanet, ya tarar da amsoshi masu karo da juna.

Da na bi sawun abin da ya faɗa, na ga haka abin yake. A ƙasan fayil ɗin README, wanda ke gabatar da manhajar, akwai jimla guda da ke cewa manhajar tana ƙarƙashin lasisin GPL, ba tare da an ambaci wane bugu ba. A fayil ɗin da ake amfani da shi wajen ɗaure manhajar domin rarrabawa kuwa an rubuta MIT, wanda wani lasisi ne dabam. Babu fayil ɗin LICENSE ko kaɗan, kuma mafi yawan fayilolin ba su ɗauke da wani bayani a samansu. Wato duk wanda ya ɗauki manhajar yana iya riƙe amsar da ta yi masa daɗi, ko da yake babu wadda zai iya dogara da ita idan aka je gaban alƙali.

Abu na farko da na zauna na fahimta shi ne matsayin doka idan ba a ce komai ba. A ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla a 1886 kuma mafi yawan ƙasashen duniya suke cikinta yanzu, haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta abu, ba sai an yi rajista ko an manna wata alama ba. Saboda haka rubutun manhajar da aka ɗora a intanet ba tare da lasisi ba mallakar marubucinsa ne gaba ɗaya, kuma kasancewar kowa yana iya ganinsa bai ba kowa izinin kwafa ko sauyawa ko rarrabawa ba. Sharuɗɗan GitHub, dandalin ajiye manhajoji a intanet, sun yarda a duba ma'ajiyar da ke buɗe, a kuma yi mata reshe, wato kwafi, a cikin dandalin, amma izinin bai wuce nan ba. Lasisi shi ne takardar da mai haƙƙi yake cewa ya yarda a yi kaza da kaza bisa sharuɗɗa kaza, kuma sharuɗɗan suna da ƙarfi a kotu. A 2008 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta tabbatar, a shari'ar Jacobsen da Katzer, cewa wanda ya karya sharuɗɗan buɗaɗɗen lasisi ana iya tuhumarsa da keta haƙƙin mallaka.

Daga nan ne wata tambaya ta biyo baya, wadda ta fi zaɓen lasisin kansa nauyi: wane ne mai haƙƙin? Kasancewata mai kula da manhajar bai mayar da ni mai ita ba. Babu wanda ya taɓa sa hannu a wata takardar miƙa haƙƙi, don haka kowane mutum da aka karɓi gyaransa yana riƙe da haƙƙin layukan da ya rubuta. Na fitar da jerin sunaye daga tarihin git, manhajar da ke adana kowane gyara da sunan mai shi, na kuma bi fayil-fayil domin ganin layukan wa suka rage a bugun da ake amfani da shi yanzu. Wasu sun gyara kuskuren rubutu ne kawai, ko sun sauya lamba guda, kuma irin wannan ƙaramin gyara ba a cika ɗaukarsa a matsayin ƙirƙira mai haƙƙin mallaka ba. Wasu kuwa sun rubuta sassa sukutum. Akwai mutum guda da duk gyare-gyarensa suka zo da adireshin imel na wurin aikinsa, abin da ya sa na ajiye sunansa daban, domin a ƙasashe da yawa abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa na kamfanin ne, ba nasa ba.

Kafin in rubuta wa kowa, sai da na bincika ko akwai abin da aka ɗauko daga waje. Na yi amfani da ScanCode, manhajar da ke laluben bayanan lasisi da na haƙƙin mallaka a cikin fayiloli, sannan na karanta da idona wuraren da salon rubutu ya sauya ba zato. Manhajojin da tamu take dogara da su ba su kawo matsala ba, domin dukkansu suna ƙarƙashin MIT ko BSD ko Apache. Matsalar tana cikin gida. Wani fayil da ke auna kusancin kalmomi biyu yana ɗauke da bayani a samansa cewa an ɗauko shi daga wani aiki da ke ƙarƙashin GPL bugu na 2 kaɗai. Sannan a tsakiyar wani fayil ɗin akwai wasu layuka da aka kwafo daga Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, har da adireshin amsar a gefe, alhali abin da ake wallafawa a can yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA ne, wanda ke buƙatar a ambaci marubuci kuma a saki abin da aka gina a kansa bisa sharuɗɗa iri ɗaya.

Ban ɗauki waɗannan da wasa ba, saboda abin da ya faru da mimemagic a watan Maris na 2021. Wannan ƙaramin ƙunshi ne na harshen Ruby, wato manhajar da wasu manhajoji suke janyowa cikinsu, da aka sake a ƙarƙashin MIT, sai aka gano yana ɗauke da wani fayil na bayanai daga wani aiki mai lasisin GPL. Mai kula da shi ya janye tsofaffin bugunansa, kuma da yake Ruby on Rails, wani sanannen tsarin gina shafukan intanet, yana dogara da shi, ɗimbin ayyuka a faɗin duniya suka kasa ginuwa a rana guda. Fayil guda ne ya jawo wannan duka.

Batun bugun GPL ya ɗauke ni lokaci, kuma ya cancanci hakan. Gidauniyar Free Software Foundation, wadda Richard Stallman ya kafa a 1985, ta fitar da bugu na farko a 1989, na biyu a 1991, na uku kuma a 2007. Sashe na 9 na bugu na biyu ya ce idan manhaja ba ta ambaci lambar bugu ba, wanda ya karɓe ta yana iya zaɓar kowane bugu da gidauniyar ta taɓa wallafawa. Ke nan jimlar da ke cikin README ɗinmu ta ba mutane zaɓin da mai rubuta ta bai yi niyya ba. Bambancin kuma ba ƙarami ba ne. Bugu na uku ya ƙara sharuɗɗa a kan haƙƙin ƙirƙira, wato patent, ya kuma hana a sayar wa jama'a na'ura mai ɗauke da manhajar sannan a kulle ta yadda mai ita ba zai iya sa bugun da ya gyara ba. Zuciyar tsarin Linux, wato kernel, ta tsaya a bugu na 2 kaɗai har yau. A fahimtar gidauniyar, ana iya haɗa rubutun da ke ƙarƙashin Apache 2.0 da na GPL bugu na 3, amma ba a iya haɗa shi da na bugu na 2 kaɗai. Tun da ɗaya daga cikin manhajojin da muke dogara da su tana ƙarƙashin Apache 2.0, fayil ɗin nan da aka aro ya sa mu a wani hali da ba shi da mafita mai tsabta muddin yana nan.

Sai da na gama wannan lissafi sannan na tuntuɓi wanda ya ƙirƙiri manhajar domin mu yanke shawarar inda za mu dosa. Ya shaida mini cewa ya rubuta GPL ne saboda ba ya son wani kamfani ya ɗauki wahalarsa ya sayar, MIT ɗin kuma ya shigo ne daga wani samfurin fayil da ya kwafa. Abin da yake so a zahiri shi ne a ƙara sharaɗin da zai hana amfani da manhajar wajen kasuwanci. A nan muka ɗan ja. Na nuna masa cewa GPL ba ta hana sayarwa ko kaɗan, abin da take hanawa shi ne a rarraba manhajar a ɓoye tushenta. Sharaɗin hana kasuwanci kuwa zai fitar da mu daga sahun buɗaɗɗun manhajoji baki ɗaya, domin ma'aunin da ƙungiyar Open Source Initiative ta kafa a 1998, wanda aka ciro daga ƙa'idojin Debian, ya haramta nuna bambanci ga kowane fannin aiki. Ko sharaɗin da ake ganin ba shi da illa yana iya zama cikas. Lasisin JSON na Douglas Crockford kusan MIT ne kalma da kalma, sai dai an ƙara masa jimla guda da ke cewa a yi amfani da manhajar wajen alheri ba sharri ba, kuma wannan jimla kaɗai ta isa ta sa Debian da wasu manyan ayyuka suka ƙi karɓarsa, tun da babu wanda zai iya fayyace wa lauya iyakar alheri. Linus Torvalds ma ya fara sakin Linux a 1991 da sharaɗin hana karɓar kuɗi a kansa, sannan ya koma GPL a 1992. Da wanda ya ƙirƙiri manhajarmu ya ji haka, ya janye maganar.

Abin da ya rage shi ne mu faɗi abin da muke so a sarari, kuma ya kasance abu biyu ne: duk wanda ya inganta fayilolinmu ya rarraba, to ingantawar ta fito fili, sannan kuma kada a hana kowa sa manhajar cikin babban aikinsa, ko da aikin rufaffe ne. MIT da BSD ba su cika buƙata ta farko ba, domin abin da suke nema kawai shi ne a bar bayanin haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a wurinsu. Apache 2.0, wanda ya fito a 2004, ya fi su da cewa yana ba da izinin haƙƙin ƙirƙira a fili, amma shi ma bai tilasta a mayar da komai ba. GPL ta wuce buƙata ta biyu, tun da tana neman dukkan aikin da aka haɗa da ita ya bi sharuɗɗanta idan za a rarraba shi. AGPL ba mu daɗe a kanta ba, domin an yi ta ne saboda manhajojin da ake amfani da su ta intanet ba tare da an raba su ba, tamu kuwa ba irinsu ba ce.

LGPL da MPL ne suka rage. LGPL, wadda GPL ce mai sassauci, an yi ta ne daidai domin irin matsayinmu, amma an tsara kalmominta da tunanin yadda ake haɗa manhajojin harshen C, kuma da na gwada auna su da yadda Python yake janyo ƙunshi cikin wani, na ga cewa kowane mai karatu zai iya fito da tasa fassarar. Ni kuwa aikin da ke gabana shi ne kawar da shubuha, ba musanya wata da wata ba. MPL 2.0, wanda Mozilla ta fitar a 2012 kuma Firefox da LibreOffice suke amfani da shi, ya ja iyakarsa ne a bakin fayil: fayil ɗin da ke ƙarƙashinsa yana nan ƙarƙashinsa duk inda ya je, duk wani sabon fayil da wani ya rubuta a gefensa kuma nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Yana da izinin haƙƙin ƙirƙira, yana kuma barin a haɗa shi da aikin da ke ƙarƙashin GPL. Iyaka ce da mai rubuta manhaja zai iya ganewa ba tare da ya nemi lauya ba, kuma wannan ne ya rinjaye ni. Ba na cewa ya fi sauran. Ga ƙaramin ƙunshi da mai shi yake so ya bazu ko'ina, MIT ya wadatar.

Neman amincewa shi ne sashen da ya fi cin lokaci. Na rubuta wasiƙa guda, na aika wa kowa daban, na kuma buɗe zance a ma'ajiyar domin amsoshin su kasance a bainar jama'a. Na bayyana ruɗanin da ake ciki da lasisin da muke so mu koma, sannan na roƙi kowa ya amsa da wannan jimla ba tare da ya sauya ta ba: "Na amince a saki dukkan gudummawar da na bayar a wannan aiki a ƙarƙashin MPL 2.0, kuma ina da ikon ba da wannan izini." Ƙarshen jimlar na sa shi ne musamman saboda masu aiki a kamfanoni. Mafi yawa sun amsa cikin sauri. Wani ya ce shi a ganinsa GPL ta fi, amma ba zai tsaya a hanya ba. Mutumin nan mai adireshin wurin aiki ya ce lalle a lokacin aiki ya yi rubutun, don haka sai ya nemi izinin sashen shari'a na kamfaninsu, kuma amsar ta zo a rubuce bayan dogon jira. Na adana kwafin kowace amsa a wani fayil na musamman a cikin ma'ajiyar, domin dandalin da aka yi zancen a kansa yana iya gushewa wata rana.

Akwai waɗanda ba a same su ba: wani adireshinsa ya mutu, wani kuma wasiƙa tana isa amma babu amsa. Manyan ayyuka sun sha fama da wannan. VLC, manhajar kunna bidiyo, ta bi masu ba da gudummawa ɗaya bayan ɗaya lokacin da ta mayar da injinta daga GPL zuwa LGPL, ta kuma sake rubuta sassan waɗanda ba ta samu ba. OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai domin tsaro, ta fara neman amincewa a 2017, kuma bugunta na farko a ƙarƙashin Apache 2.0 bai fito ba sai a 2021. A wasiƙarta ta ce za ta ɗauki rashin amsa a matsayin rashin ƙin yarda, abin da ya jawo mata suka sosai. An ce shiru ma magana ce, amma a batun haƙƙin mutum ban yarda in fassara wa kowa shirunsa ba. Duk wanda bai amsa ba, kuma layukansa suna da nauyi, mun cire su.

Sake rubutun yana da nasa ladabi. Ba ya yiwuwa mutum ya buɗe tsohon fayil a gefe guda, ya sauya sunaye da tsarin layuka, sannan ya ce sabo ne. Abin da muka yi da fayil ɗin auna kalmomi shi ne, na rubuta bayanin abin da ake so ya karɓa da abin da ake so ya fitar, tare da gwaje-gwajen da dole ya ci, na miƙa wa wata mai ba da gudummawa da ba ta taɓa buɗe shi ba. Dabarar lissafin sananniya ce, ita ce ta Levenshtein da ke cikin littattafan koyarwa, kuma haƙƙin mallaka yana kare yadda aka rubuta abu ne, ba dabarar da ke ƙarƙashinsa ba. Haka muka yi da layukan Stack Overflow da kuma na waɗanda ba su amsa ba. Tsofaffin bugunan da aka riga aka saki kuwa ba mu taɓa su ba, domin izinin da aka bayar a baya ba ya janyuwa. Mun dai rubuta a bayanin sabon bugu cewa daga wannan lamba zuwa gaba MPL 2.0 ne, waɗanda suka gabata kuma duk mai amfani da su ya ɗauke su a matsayin GPL bugu na 2, saboda fayil ɗin da ke cikinsu.

Rubuta sakamakon bai yi wuya ba, amma na yi shi da taka-tsantsan. Na sa cikakken rubutun lasisin a fayil ɗin LICENSE ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba, domin lasisin da aka yi wa kwaskwarima ya zama wani lasisi dabam da babu wanda ya sani. A saman kowane fayil na sa layin haƙƙin mallaka da layin SPDX mai ɗauke da alamar MPL-2.0. SPDX tsari ne da ke ƙarƙashin Linux Foundation, wanda ya zama ma'aunin ISO a 2021, kuma yana ba kowane lasisi gajeren suna guda da na'ura za ta iya karantawa. A cikinsa GPL-2.0-only da GPL-2.0-or-later sunaye biyu ne mabambanta, don haka irin jimlar da muka gada ba ta da wurin zama. MPL ya sauƙaƙa wannan, tun da shi kansa ya ba mai karɓa izinin bin bugun da ya karɓa ko wanda Mozilla za ta fitar nan gaba. Na gyara README da fayil ɗin rarrabawa suka faɗi abu guda, sannan na sa manhajar REUSE, mai duba bayanan lasisi, cikin gwaje-gwajen da ke gudana a kan kowane sabon gyara, ta yadda fayil marar bayanin lasisi ba zai shiga ba.

Shawara ta ƙarshe ita ce yadda za a karɓi gudummawa nan gaba. Wani ya ba da shawarar mu sa kowa ya sa hannu a yarjejeniyar da za ta ba mai kula da aikin ikon sauya lasisi shi kaɗai, don kada a sake shan irin wannan wahala. Na ƙi. Irin wannan iko ne ya ba kamfanin MongoDB damar komawa lasisin SSPL mai tsauri a 2018, ya kuma ba kamfanin HashiCorp damar fitar da manhajarsa Terraform daga buɗaɗɗen lasisi a 2023, abin da ya sa jama'a suka balle suka kafa OpenTofu a madadinta. Ko mutum ya yarda da ni a yau, bai san wanda zan miƙa wa aikin gobe ba. Muka ɗauki tsarin DCO, wato shaidar asalin rubutu, da masu Linux suka fara amfani da shi a 2004, inda mai gyara yake ƙara layi guda mai sunansa a ƙarshen kowane gyara, yana shaida cewa shi ya rubuta ko yana da ikon miƙawa a ƙarƙashin lasisin aikin. Haƙƙinsa yana nan a hannunsa, kuma duk wanda zai sake sauya lasisin sai ya koma ya nemi yardar kowa.

Bayan fitowar sabon bugun, tambayar da ta fi zuwa daga ma'aikatan kamfanoni ita ce ko amfani da manhajar zai tilasta musu buɗe tasu. Na ƙara ɗan sashe a README da ke amsawa a taƙaice, tare da gargaɗin cewa rubutun lasisin shi ne abin dogaro idan aka sami saɓani. Idan a cikin gida kawai suke amfani da ita, babu abin da ya hau kansu. Idan kuwa suka rarraba ta cikin kayansu, dole su sanar da masu karɓa inda za su sami tushen fayilolinmu, har da duk sauyin da suka yi musu, fayilolin da suka rubuta da kansu kuma suna iya barinsu a rufe.